Tsiron Alkama a Ɗakin Mai Agogo

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya aiki, yaya tsohuwar da kike jinya? Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da ke tun rasuwar Baba, shekara shida ke nan. Ni ne dai ɗan nasa mai gyaran agogo. Na kira ki a waya sau biyu, ina ta ɗaga murya a bakin titi kina cewa "wane ne?", sai daga baya na tuna kunnenki ya yi nauyi. Baba yakan ce in za a warware dangantakarki da shi sai an nemi biro da takarda, wai kakarki da kakansa ciki ɗaya suka fito. Ni dai Gwaggo na tashi na ji ana ce miki, kuma yau a dangin Baba ba wanda ya rage da zan kai wa kuka sai ke.

Gwaggo, matata Malama ba lafiya. Ƙoda ce, duka biyun. Wata huɗu ke nan ana yi mata wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu kowane zuwa. Ta bar 'yan aji huɗunta a hannun wata. An sa mata tiyo a gefen wuya, ta nan jinin yake fita ya shiga inji ya dawo. Ɗakin gado goma sha biyu ne, talabijin a bango ba murya, injuna sai kuka suke ɗaya bayan ɗaya. A auna ta a sikeli kafin a fara, a auna ta in an gama, kamar buhu. Ruwan shanta na yini guda 'yar ƙaramar kwalba ce, ta ja mata layi uku da jan biron da take duba jarrabawa da shi. In ƙishi ya matsa mata sai ta tsotsi ƙanƙara.

A hawa na biyu muke. In mun dawo daga asibiti sai ta zauna sau uku a matakala kafin mu kai ƙofa. Ranar da babu wanki, ranar farfaɗowa ce daga wankin jiya. Shekaranjiya muna zaune a matakalar ta ce min, "Mai Agogo, wannan rayuwa ce ko bin layi?" Na riƙe hannunta muka ƙarasa hawa.

Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba. Shekara ashirin da biyu, daga ni sai ita. A shago in an kawo min agogon da ya tsaya nakan buɗe bayansa in ga inda ya cije. A asibiti kuwa aikina riƙe mata jaka da takalmi.

Ke da kika daɗe kina jinyar mutane, ko kin san wani abu da zai ƙara mata ƙarfi? Ko ba komai ki rubuto, rubutunki kaɗai zai yi mana daɗi.

Malama na gaishe ki.

Ɗanki,
Mai Agogo

23 ga Fabrairu

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a kicin, na sake karantawa a zaune. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce dai ba ta san girma ba. Tsohuwa tana nan, shekararta casa'in da ɗaya, kullum sai ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki, alhali shekarata tara ina yi mata wanka. Yaya surukata? Ka yi mata sannu, ka ce ina sa ta a addu'a. Allah ya sa kaffara ce.

Ban manta ka ba. Kai ne a zaman makokin babanka ka karɓi agogon hannuna, ka dawo min da shi yana tafiya. Har yau bai yi min ƙarya ba.

Ka tambaye ni abin da zai ƙara mata ƙarfi. Akwai wata mata da ke zuwa mana wanki da guga ran Talata, Mai Wanki muke ce mata. Ciwo ya taɓa kayar da ita har 'ya'yanta suka fara kuka a ɓoye. Yau shekara biyu rabonta da asibiti, ba abin da take sha sai ruwan tsiron alkama, kuma in ka ga yadda take sungumar kwandon wanki sai ka rantse ba ta taɓa kwanciya ba. Ita ta koya min, ni ma nakan taɓa.

Ga yadda ake yi. Ka sami alkama tsaba, wadda ba a sa wa maganin ƙwari ba. Ka auna kofi ɗaya ka wanke, ka jiƙa ta kwana, ka tsiyaye ruwan. Kana ɗauraye ta safe da yamma har ka ga ta fito da 'yan fararen wutsiyoyi. Sai ka zuba ƙasa a tire, kaurin gaɓar yatsa, ka baza alkamar a kai kusa da kusa, ka yayyafa ruwa, ka rufe da jarida kwana biyu ko uku. In ka buɗe za ka gan ta rawaya kamar mai jinya, kar ka damu, haske zai mai da ita kore. Ka ajiye ta bakin taga inda rana ba ta dukan ta kai tsaye. Ruwa kuma kar ya yi yawa, in ba haka ba fumfuna ta kama gindin, shi ke nan sai zubarwa. Kwana takwas zuwa goma ta kusa taƙi ɗaya. Ka yanka da almakashi sama da ƙasar kaɗan, ka wanke, ka markaɗa, ka tace da ƙyalle mai tsabta. A sha nan take, ba a ajiyewa. 'Yar kurɓa biyu ta isa.

Ɗanɗanon kam sai haƙuri. Farko zaƙi, daga baya ka ji kamar ka zama akuya.

Tsohuwa na buga ƙararrawa, bari in tsaya nan. Ka kula da kanka ma, mai jinya shi ma majinyaci ne.

Gwaggonka

16 ga Maris

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa, yaya tsohuwa? Mu nan alhamdulillahi, da sauƙi sosai, kuma bayan Allah ke ce sila.

Tiren farko na kashe shi da son zuciya. Ruwa na dinga dura masa har fumfuna ta yi masa farin gashi. Na biyu ya yi. Ranar da na ɗaga jaridar na kira Malama ta zo ta gani, ta daɗe tana shafa kan tsiron da tafin hannu, ta ce ya fi 'yan ajinta iya tsayawa a layi.

Yanzu tire bakwai gare ni. Na kafa katako hawa uku a bakin tagar falo, na rubuta wa kowane tire ranarsa, in na yanke na Asabar in shuka wani a gurbinsa. Da wasu biyu da ke jiran layi a ƙarƙashin jarida, babu ranar da za ta zo ba abin yanka. Na'urar markaɗenmu tana ɗumama ruwan, ga kumfa, shi ya sa na samo tsohon injin niƙa nama na hannu a wajen masu gwangwan, na wanke shi, na canza masa rariya, na rage masa baki. In na juya, ruwan ya sauko ta ƙasa kore shar, tuƙar ta fita ta gaba a bushe. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin filin ƙwallo da aka yi wa aski.

Ranar farko ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta yi kukan akuya. Gwaggo, rabon da in ji dariyarta tun kafin a sa mata tiyon nan. Ni ma na yi ta yi har sai da na zauna a ƙasa.

Tana cin abinci fiye da da. Ran Lahadi ta sauka da ƙafarta har bakin titi ta sayo burodi. Kurɓa biyu da kika ce na mai da ita rabin kofi, safe da yamma, tunda abu mai kyau ba ya yawa. Shagon ma sai goma nake buɗewa yanzu. Ba wata asara, mutane sun koma duba lokaci a waya, aikin nawa ya zama canza batir da huda maɗauri.

Laraba da ta wuce ba mu je wanki ba. Ta ce jikinta garau, a bar ta ta huta. Na yi ɗar-ɗar, amma har Juma'a ba abin da ya same ta. Na tuna Mai Wanki na ce ashe haka abin yake farawa.

Ki gaishe min da ita, ki ce wani bawan Allah yana sa mata albarka daga nesa.

Ɗanki

5 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, don kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu a ƙasan bene. Wataƙila gidan waya ne da halinsu. Malama na gaishe ki.

Labarin da zan ba ki shi ne mun bar asibiti.

Daga uku a mako muka koma biyu, daga biyu muka koma ɗaya. Ran Litinin da muka je, babbar nas ɗin ɗakin, wadda ake ce wa Sista, ta tare mu a gaban sikeli. Ta ce kilo huɗu na ruwa ya taru a jikin Malama. Ta tambaye ni dalilin fashin, na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ciyawa? Kai da hankalinka?" A gaban mutum goma sha biyu. Na ce na san wadda ta sha ta warke, shekara biyu rabonta da asibiti. Ta ce, "Ciwon me gare ta?" Na ce ciwo dai ciwo ne. Ta ce in jira likita ya fito daga zagaye, lallai ya gan mu. Malama tana kan gado ana haɗa mata tiyo, idonta a rufe.

Da aka gama ba mu jira likitan ba. A mota ta ce min, "Mai Agogo, ba na son komawa." Na ce ta tabbata? Ta ce, "Ba ga abinka nan kana yi min ba?" Na ciro takardarki daga aljihu, don a aljihu take kwana, na karanta mata inda kika ce ba abin da Mai Wanki take sha sai ruwan tsiron alkama. Ta ce ta san wurin, ta karanta da kanta.

Sun kira wayata sau biyar daga asibiti, ban ɗauka ba.

Yanzu kofi guda take sha, sau uku. Na ƙara tire huɗu a kan teburin cin abinci. Ta ɗauko littattafanta tana shirya darasin zango mai zuwa. Ran Laraba da hantsi, lokacin da da muna can, muna zaune a baranda tana yanke min farce. Ta ce ashe haka Laraba take.

Ki rubuto ki gaya min wata nawa Mai Wanki ta ɗauka kafin ta miƙe sosai.

Ɗanki

19 ga Afrilu

Gwaggo,

Gaisuwa. Wannan ta uku ke nan ba amsa. In wani laifi na yi, ki yafe ni, amma ki ba ni amsar tambaya ɗaya.

Mai Wanki ta kumbura kafin ta warke?

Ƙafafun Malama sun yi suntum, in na danna da yatsa ramin ba ya cikowa. Zobenta sai da na yanke shi da 'yar zarton shago. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci da filo huɗu, tana haki kamar wadda ta hau bene. Ga ƙaiƙayi, ta sosa bayanta har jini. Ga shaƙuwa tun Alhamis. Ruwan ma yanzu rabi ke zama, rabi ya dawo.

Na duba a waya, masu bayani sun ce haka ake yi, dattin jiki ne ke fita, wai sai abu ya tsananta kafin ya yi sauƙi, kuma nan ne masu ƙaramar zuciya suke karaya. Ba na son in zama mai ƙaramar zuciya. Jiya na ce mata mu leƙa asibiti ko sau ɗaya ne, ta riƙe min hannu ta ce, "Mun kusa. Kar ka ɓata aikinka." Ta nemi takarda da ambulan, wai za ta rubuto miki da kanta in ta ji dama.

In kin ce Mai Wanki ma haka ta yi, hankalina zai kwanta. Layi ɗaya ya isa.

Ɗanki

7 ga Mayu

Ɗana,

Ba gaisuwa yau. Ka ajiye takardar nan ka ɗauki matarka ka kai ta asibiti yanzu, ko tana so ko ba ta so. In ka dawo ka karanta sauran.

Tsohuwa ta rasu ran goma ga Maris. 'Ya'yanta suka rufe gidan cikin mako guda, kamfanin da nake wa aiki ya mai da ni wani gari wajen wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Na bar sabon adireshina a gidan waya, ba su tura komai ba. Sai jiya da na sami hutu na koma, maƙwabciya ta miƙo min takardunka uku a ɗaure da roba. A tashar mota na karanta su. Ta farko na yi murmushi, ta biyu na yi salati na tashi neman waya. Na ba wani mutum wayata ya kira lambarka, ya ce a kashe take.

Mai Wanki ba ciwon ƙoda ta yi ba. Ciwon daji ne a mama. An yi mata aiki an cire, ta yi wata bakwai ana yi mata ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube, ba ta yi fashin rana ɗaya ba. Likitoci ne suka sallame ta da bakinsu. Rabonta da asibiti shekara biyu don sun gama da ita ne, ba don ta gudu ba. Ciyawar nan daga baya ta fara sha, don marmari da ƙarfin jiki. Ba ta warkar da ita daga komai ba.

Kuma mai ciwon ƙoda ba kowane ganye yake sha ba, wannan na san shi tun ban yi furfura ba. Na yi niyyar in ƙara maka layi ɗaya, in ce kar ka ba ta ko ɗigo sai likitanta ya yarda. Tsohuwa ta buga ƙararrawa, na liƙe ambulan, na ce ai zan faɗa a takarda ta gaba.

Kumburin nan ba datti ba ne ke fita. Ruwa ne da guba suke taruwa, don ba abin da ke fitar da su sai injin.

Na biya an aiko wannan ta masu saurin kai saƙo. Sabon adireshina yana bayan ambulan. Allah ya sa ban makara ba.

Gwaggonka

20 ga Mayu

Gwaggo,

Na gaishe ki. Ina lafiya.

Takardarki ta iso ran goma ga wata. Malama ta rasu ran ashirin da bakwai ga Afrilu.

Ran nan da safe na kawo mata kofin, ta dube ni ta ce, "Kai baban wane ne a ajina?" Na ajiye kofin, na goya ta. Ban san na iya sauka bene da mutum a baya ba. Mai shagon ƙasa ya tsayar mana da tasi.

Likitan ƙoda ya zo da kansa. Aka ɗebi jini. Ya ce akwai wani gishiri da ƙoda ke fitarwa, in ya taru yakan tsayar da zuciya, nata ya wuce inda suke tsoro. Ya tambaye ni me take ci, me take sha. Na gaya masa, kofi uku a rana. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya ce, "Wa ya ce a ba ta?" Na ce ni ne. Suna cikin turo injin zuciyar ta tsaya, ƙarfe sha ɗaya saura minti bakwai. Sista ce ta rufe mata ido, ta zo ta zauna kusa da ni a benci, ba ta ce min ai na gaya maka ba.

Malaman makarantarsu sun zo, da iyayen yara. Kowa cewa yake na yi ƙoƙari, ba a taɓa ganin miji mai jinya kamata ba. Ina amsawa da amin.

Tsirran sun yi mako biyu ba mai yanka su, suka yi tsawo suka kwanta suka ruɓe. Na kwashe na kai bola. Warin bai bar labule ba har yanzu.

Na karanta takardarki ta Fabrairu ban san iyaka ba. Babu inda kika ce an yi wa matar nan aiki. Babu inda kika ce daji ne. Wani lokaci in ce ke ce. Sai kuma in tuna kurɓa biyu kika ce, ni na mai da ita kofi. Ni na ƙi ɗaukar wayar asibiti. Ni na juya injin nan da hannuna sau uku a rana, tana amai ina cewa daure. Tun ranar ban buɗe shago ba. Abinci ma sai mai shagon ƙasa ya hawo ya tsaya a kaina.

Na sami ambulan ɗin nan a cikin littafin darasinta, a liƙe, da "Gwaggo" a bayansa. Ban buɗe ba, ba ni ta rubuta wa ba. Ga shi nan na haɗo miki da wannan takardar. Amma ina roƙon ki abu biyu. Ki gaya min abin da ta ce. Sannan ki maido min da takardar, don shi ne rubutunta na ƙarshe.

Mai Agogo

21 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ko da yake sau ɗaya muka taɓa haɗuwa. Yaya gwiwa? Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya kumbura. Mai Agogo ya tafi sayo alkama, ina da kamar awa ɗaya.

Shekara goma sha tara ina koya wa yara karanta abin da ke kan takarda, ba abin da suke so ya kasance a kai ba. Na karanta wasiƙarki tun ranar da ta zo. Na ga ba ki faɗi ciwon Mai Wanki ba. Na ga ba ki ce ta bar magani ba. Kuma takardar abincin da aka hana ni tana manne a ƙofar firij, ni na manna ta. Na san abin da kofin nan yake yi min, na san abin da barin injin zai yi.

Na gaji ne, Gwaggo. Likita ya gaya min tun farko, ni kaɗai, cewa zuciyata ba za ta ɗauki aikin dashen ƙoda ba. Injin ne har ƙarshe. Na ga na gado na uku da na gado na tara yadda suka ƙare, ana cire su daga layi ɗaya bayan ɗaya a sa wasu. Na so in ce masa a bar ni haka, na kasa. In na fara sai in ga fuskarsa yana riƙe da takalmina. Da takardarki ta zo, na ga ƙofa ce da zan bi ba tare da na ce masa zan tafi ba. Ban sani ba ko Allah zai kama ni da wannan. Ina roƙon gafararsa dare da rana.

Amma na sami makonni da ban zata ba. Na ga mijina yana waƙa yana ba tsiro ruwa. Na ci Laraba uku a gidana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zai nemi wanda zai ɗora wa. In ya ɗora wa kansa, ba zai kai baɗi ba, na san shi. In ya san ni na zaɓa, zai ce shekara ashirin da biyu ba su isa su riƙe ni ba, kuma ina kallon sa yana wahala a kan abin da na san ba magani ba ne. Wannan zai fi kashe shi. Ke kina nesa, kuma kin saba ɗaukar mutanen da suka fi ki nauyi. Ki bar shi ya ji haushinki. Na san zalunci ne, ban da hakkin roƙon ki wannan. Na yi amfani da takardarki, yanzu kuma ina neman sunanki. Ki yafe ni in kin iya.

Ki ce masa ya buɗe shago.
Ki ce masa ban taɓa shan abin da aka yi min da so irin wannan ba.
Ki ce masa na gode, kuma na yafe masa duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba.

Surukarki,
Malama

2 ga Yuni

Ɗana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Malama, ya sa ta huta, ya ba ka haƙurin rashinta. Ina fatan kana cin abinci. Ni ina nan, dattijon da nake jinya ba ya magana, gidan shiru.

Na karanta takardarka, na karanta tata. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ka ce wani lokaci kakan ce ni ce. To, ni ce. Ka tsaya a nan, kar ka wuce. Kai gyaran agogo ka koya, ba jinya ba. Ka tambayi wadda ta shekara ashirin a bakin gadon marasa lafiya, ta ba ka rabin magana ta liƙe ambulan. Wanda aka nuna wa hanya ya bi ta ba shi ya ɓatar da kansa ba. Da kurɓa biyu da kofi uku duk daga bakina suka fito, don da na rubuta layin da ya kamata, ko ɗigo ba za ka ba ta ba. Ba na neman ka yafe min yanzu. In ba ka ƙara rubuto min ba, ba zan ga laifinka ba.

Ka tambayi abin da ta ce. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata. Ta ce ta ji daɗin makonnin da ta yi a gida, ta ji ka kana waƙa. Sauran magana ce tsakanin mace da mace, ta ba ni amana, kuma da ita za a binne ni.

Saboda haka takardar ba zan maido maka da ita duka ba. Ka ji haushina a kan wannan ma. Amma ƙarshenta naka ne, kai ta yi wa saƙon. Na yanko maka layi ukun da sa hannunta, suna cikin ambulan ɗin nan, na naɗe su a farar takarda don kar su yage. Ka buɗe a hankali.

Gwaggonka